Shagon Feƙe Ƙarfe a Dilimi da Kyamarar Fim da Muka Haɗa: Abin da Na Gani Bayan Wata Bakwai

A watan Janairu na karɓo kyamarar da wani dattijo mai injin feƙe ƙarfe a yankin Dilimi, nan cikin garin Jos, ya ƙera mini jikinta, kuma da gangan na ƙi rubuta komai a kanta sai da ta ga hunturu ta ga damina, ta kuma cinye fim goma sha huɗu. Mutane da dama cikin abokan sana'ar hoto sun tambaye ni ko ya dace su kai irin wannan aiki wurinsa, to wannan rubutu shi ne amsata. Ba zan ambaci sunansa ko sunan shagon ba, domin akwai kurakurai da zan faɗa, kuma ba na son a ɗauke su a matsayin tozarci ga mutumin da nake girmamawa.

Abin da ya kai ni ga wannan aiki shi ne gine-ginen ƙasa da ke harabar gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, musamman sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban waɗannan katangu ya san matsalar: wurin ja da baya kaɗan ne, ginin kuma dogo ne, idan ka ɗaga kan kyamara don ka kamo samansa sai bangon ya fito a hoto kamar zai faɗi ta baya. Ina bukatar kyamara mai faɗin gani, mai babban fim, wadda za ta tsayar da bango a tsayensa. Masana'antu sun yi masu faɗin gani da babban fim, kamar Hasselblad mai ido, wato gilashin gaban kyamara, na Biogon mai milimita 38 da ta fara fitowa a 1954, da Fuji GSW690 mai ido na milimita 65, amma kuɗin ko da tsohuwarsu, idan aka juya shi zuwa naira aka haɗa da na dako, ya fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba.

Sai dai kyamarar fim ba wani abin sihiri ba ce. Ido ne a gaba, fim a baya, da akwati mai duhu a tsakani wanda ke riƙe su a tazarar da ta dace. Biyun farko ba a ƙera su a gida, don haka na saye su na hannu daga waje. Idon shi ne Super-Angulon na milimita 65 mai ƙofar haske f/8, ƙirar kamfanin Schneider na garin Bad Kreuznach a Jamus, kuma yana tafe da ƙyauren haskensa na Synchro-Compur a jiki, wato abin da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga lokacin ɗauka, wanda ke aiki daga daƙiƙa 1 zuwa kashi 1 cikin 500 na daƙiƙa ba tare da batir ba. Gidan fim ɗin kuwa na tsohuwar Mamiya Press ne, mai ɗaukar fim 120. Wannan fim Kodak ce ta fito da shi tun 1901, faɗinsa kusan santimita 6, kuma ana naɗe shi ne da takarda a bayansa. A gidan da na saya yana ba da hoto 8, kowanne kimanin milimita 56 a 84, wato ya ninka hoton ƙaramin fim na 35 fiye da sau biyar a fili. Abu na uku, wato akwatin, shi na kai Dilimi.

Shagon bai da allon suna mai ɗaukar ido. Rumfa ce mai zurfi tsakanin masu sayar da kayan gyaran mota, ƙasanta ta yi baƙi da tsohon mai, ga tarin ɓawon ƙarfe a naɗe kamar gashin tunkiya a ƙarƙashin injin. Aikinsu na yau da kullum shi ne feƙe sandunan injin niƙa, da gyaran zaren noti, da ƙera ƙananan kayan mota da suka ɓace a kasuwa. Maigidan ya haura shekara sittin, kuma ya faɗa mini cewa ubangidansa a wuraren gyaran injunan haƙar kuza na Bukuru ya koyi aiki, abin da ban yi mamakinsa ba, domin yawancin hannun ƙarfe da ake da shi a wannan gari daga zamanin kuza ya samo tushe. Da na kwance ƙyallen da na naɗe idon a ciki, bai miƙo hannu nan take ba. Sai da ya wanke hannunsa da kananzir, ya sake wankewa da sabulu, ya goge, sannan ya karɓa ya ɗaga shi sama yana duban haske ta cikinsa.

Na ce masa, "Baba, akwati nake so wanda zai riƙe wannan gilashi a gaban wannan gidan fim, tazarar kuma kimanin milimita saba'in ce."

Ya ajiye idon a kan ƙyallen a hankali, ya ce, "Malam, a wurinmu babu kimanin. Saba'in da nawa? Kuma daga ina zuwa ina?"

Wannan tambaya ita ce ta sa na san na zo wurin da ya dace, domin duk nasarar irin wannan kyamara a kanta ta rataya. Ko da yake an rubuta 65 a jikin idon, tazarar da ake aunawa wajen ƙira ita ce daga kafaɗar da ƙyauren haske ke zama a kanta zuwa fuskar fim, kuma a wannan ido ta ɗan ɗara milimita 70. Abin da ya sa ba a wasa da ita shi ne ƙanƙantar motsin da ido mai faɗin gani ke bukata. Idan an saita shi a kan abu mai nisa iyakar gani, turo shi gaba da milimita ɗaya da rabi kawai ya ishe shi ya koma kan abin da ke mita 3, milimita huɗu da rabi kuma ya kawo shi mita 1. Ke nan idan akwatin ya zarce da rabin milimita, kyamarar ba za ta taɓa ganin abin da ya wuce mita takwas ko tara da cikakken kaifi ba sai an matse ƙofar haske, kuma dutse mai nisa zai riƙa fitowa da laushi har abada. Haka nan idan gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, rabin hoton zai yi kaifi rabi ya dushe.

Shawarar da ya bayar ta fi wadda na zo da ita. Ni na so a feƙe akwatin daidai da lissafi, shi kuwa ya ce a rage masa rabin milimita da gangan, sannan a riƙa cikawa da siraran faifai har a kai inda ido ya gamsu, domin a cewarsa ƙarfen da ya gaza ana ƙara masa, wanda ya zarce kuwa sai an sake ɗora shi a inji, kuma kowane ɗorawa yana zuwa da nasa kuskuren. Faifan cikon daga gwangwanin lemo ya yanko su, waɗanda kaurinsu ya yi kusa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, ya auna kowanne kafin ya yarda da shi.

Jikin ya yi shi ne da alminiyam, kashi uku. Akwai faranti na baya wanda gidan fim ke maƙalewa a kai, akwai mazurari mai faɗi a baya da tsukakken baki a gaba, sai kuma mazaunin zoben saiti. Zoben nan mai zare, wanda ake murzawa ido ya matsa gaba ko baya, shi ma saye na yi, irin na ƙasar Sin mai bakin milimita 65 wanda ke miƙewa daga milimita 17 zuwa 31, kuma sai da aka yanka masa zaren da zai shiga a bakin mazurarin. Ranar da aka yanka zaren ina wurin. Ya rage gudun injin, ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa aikin, yana cire ɗan ƙarfe kaɗan, ya tsayar, ya hure, ya gwada zoben, ya sake cirewa. Sau shida ya yi haka. A na bakwai zoben ya shige da yatsa biyu, ba ya girgiza kuma ba ya cijewa, sai ya miƙo mini ya ce in murza da kaina in ji. Bayan an haɗa sassan ya ɗora su a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe, ya bi kusurwoyi huɗun da agogon awo, bambancin da allurar ta nuna bai kai kaurin gashin kai ba. Ban roƙe shi ya yi wannan awon ba, kuma bai ƙara mini ko kwabo a kansa ba.

Akwai wani abu guda da na nema wanda ya sa ya dube ni da shakka: na ce kada a sa idon a tsakiyar fim, a ɗaga shi sama da milimita 10. Dalili shi ne wannan ido an yi shi ne don manyan kyamarori, da'irar hoton da yake jefawa ta kai kimanin milimita 155, alhali fim ɗina daga kusurwa zuwa kusurwa milimita 101 ne kawai. Wannan rarar ita ce ke ba da damar ɗaga ido, sai kyamara ta kamo saman gini tana tsaye sak ba tare da an karkata ta ba. Na yi masa bayani da zane a bayan kwali, ya yi shiru yana kallo, sannan ya ce bai gane yadda haske ke yin haka ba, amma ya gane inda zan so ramin. Ya kuma huda shi a wurin.

Saitin ƙarshe a kan rufin wani bene muka yi shi da hantsi. Gilashin duba saiti ni na haɗa shi a gida, na goge fuskar ɗan gilashin taga da man da makanikai ke goge bawul da shi har ta yi hazo. Muka ɗora shi daidai inda fim zai kwanta, muka buɗe ƙyauren haske muka kulle shi a buɗe da igiyar latsawa, na lulluɓe kaina da baƙin mayafi, sai ga duwatsun Shere sun bayyana a kife, ƙafa a sama kai a ƙasa, kamar yadda kowane ido ke jefa hoto. Da faifai uku sandar sadarwar da ke can nesa ba ta gama fitowa ba, da huɗu ta tsaya siririya kamar allura, da biyar ta fara kumbura. Muka tsaya a huɗu. Dattijon ya nemi shi ma ya leƙa, ya daɗe a ƙarƙashin mayafin, da ya fito abin da ya ce kawai shi ne, "Ikon Allah. Ashe abin da muke ta aunawa ke nan."

Yanzu sai kurakurai, kuma ba ƙanana ba ne.

Na farko shi ne ramin da ake ɗaure kyamara a kan ƙafafunta uku. Zaren da duniya ta amince da shi a wannan wuri na inci ne, kwata ɗin inci mai zare 20 a kowane inci, amma yaron shagon da aka bar wa wannan aikin ya yanka zaren M6 na milimita, wanda shi ne suka saba da shi. Su biyun suna kama da juna a ido, ɗaya milimita 6 ɗaya 6.35, don haka kusar takan shiga zagaye ɗaya ko biyu sannan ta cije. Da na matsa mata da na lalata kan ƙafar kyamarata. Na rubuta ma'aunin a takardar da na ba su, ba a karanta ba ne. Maigidan ya karɓi laifin ba tare da gardama ba, ya faɗaɗa ramin ya dasa masa ɗan bututun tagulla mai zaren da ya dace, gyaran ma ya fi na asali ƙarfi, amma ya ci mini kwana biyar.

Na biyu ya fi ciwo, domin sai da ya cinye mini fim guda. Na ce a shafa baƙin fenti a cikin mazurarin, suka shafa baƙin fentin mota mai ƙyalli, suna ganin sun ƙawata aikin. Cikin kyamara ba ya son ƙyalli ko kaɗan, saboda hasken da ya bugi bango yakan dawo ya zuba a kan fim ya wanke baƙin hoton. Da na wanke fim na farko, Ilford FP4 Plus, na ɗaga dodon hoton a taga, wato wankakken fim ɗin da ke nuna haske a matsayin baƙi, sai na ga kowane hoto da aka ɗauka rana na gefe ya yi fatsi-fatsi, ga kuma wani baƙin harshe da ya shigo daga kusurwar hagu a dukkan takwas ɗin, alamar haske na satar hanya ta mahaɗar faranti da gidan fim. A nan ya kamata mai karatu ya fahimci iyakar wannan shago. Sun san ƙarfe sani na haƙiƙa, amma haske ba fanninsu ba ne, kuma ƙarfe biyu da suka haɗu ƙam a idon mai awo suna iya barin kafar da rana za ta bi. Gyaran ni na yi shi: na kankare fentin da samfefa, na shafa fentin allon makaranta wanda ba ya sheƙi, na liƙa siririn baƙin karammiski a kewayen mahaɗar, sannan na kunna fitilar waya na rufe ta a cikin kyamarar, na zauna a ɗaki mai duhu na minti goma ina juya ta har na tabbata babu ko ɗigon haske da ke fita.

Na uku shi ne lokaci. An yi mini alkawarin mako uku, aikin ya kai mako bakwai. Wani ɓangare na jinkirin rashin wutar lantarki ne, kuma na yaba da ya ƙi yanka zare da ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Amma wani ɓangaren saboda duk lokacin da mai injin niƙa ko direban babbar mota ya zo da aikin gaggawa, nawa ake saukewa. Na fahimci cewa su ne abincin shagon na kullum, sai dai da an faɗa mini haka tun farko da ban yi ta zirga-zirga ba. Abin da ya ɓata mini rai fiye da jinkirin shi ne ranar da na tarar da idon a buɗe a kan benci, babu marfi, ƙurar hunturu da garin ƙarfe na yawo a kansa. Allah ya kiyaye bai karce ba. Daga ranar na daina barinsa a can, na sa aka feƙe wani guntun ƙarfe mai girman ƙyauren haske suna gwaji da shi, kuma duk wanda zai kai irin wannan aiki ina ba shi shawara ya yi haka tun ranar farko.

Mariƙin hannu na katakon maɗaci ne da wani kafinta a kasuwar Katako ya sassaƙa. Ya ɗan saki a ƙarshen hunturu, ya koma ya kama da damina ta sauka. Wannan ya tabbatar mini da cewa daidai muka yi da ba mu sa katako a ko'ina tsakanin ido da fim ba.

To, yaya hotunan? Daga fim na biyu zuwa yau ban sake ganin satar haske ba, kuma saitin nesa bai gusa ba duk da hawan dutse da jijjigar babur. Faɗin ganinta a wannan fim ya yi daidai da ido na milimita 28 a ƙaramar kyamara, kusan digiri 66 daga hagu zuwa dama, kuma da yake tsarin hoton biyu-bisa-uku ne a duka biyun, ƙaramin maleƙi na 28 da na ɗora a samanta yana nuna mini iyakar hoto, in dai na tuna cewa kyamarar tana ganin sama kaɗan fiye da shi. Yawanci a f/22 nake aiki, wato da ƙofar haske a matse sosai, in tsayar da zoben a mita 3, sai komai ya fito daga kimanin mita ɗaya da rabi har iyakar gani. Kusurwoyin hoto suna ɗan yin duhu, musamman na sama inda aka ɗaga idon, wannan kuwa halin irin wannan ido ne ba laifin maƙeri ba, kuma a hoton baƙi da fari ina ganin yana ƙara wa sararin sama nauyi. Hoton kwaikwayon ganuwar Kano da na ɗauka da la'asar, bangon ya tsaya kyam daga tushe har sama, kuma da na duba dodon da madubin ƙara girma na ga zanen yaɓen ƙasa da ƙananan tsagogin bangon daga wannan gefe zuwa wancan da kaifi iri ɗaya. Wannan daidaiton gefe da gefe shi ne sakamakon awon kusurwa huɗun nan da ya yi ba tare da an sa shi ba.

Kyamarar ba ta da sauri, kuma ba ta yafe mantuwa. Dole ka zare farantin da ke rufe fim kafin ɗauka, ka ɗana ƙyauren haske da hannu, ka naɗe fim bayan kowane hoto domin babu abin da zai hana ka ɗora hoto biyu a wuri guda, ka kuma duba ɗan ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa da muka liƙa a samanta, domin karkata kaɗan tana bayyana a ido mai faɗin gani. Fim kuma daga waje nake sa a kawo mini, ni nake wankewa a gida da Rodinal, ruwan wankin da ake amfani da shi tun 1891. A wannan ɓangaren sanyin Jos taimako ne, domin digiri 20 ake so ruwan ya kasance, kuma da safe ruwan randa ba ya nisa da haka a yawancin watanni.

Kuɗin aikinsa gaba ɗaya, har da alminiyam da tagulla, bai kai rabin abin da na biya idon shi kaɗai ba, kuma a ganina ya yi araha ƙwarai idan aka dubi awannin da ya kashe a kai. Ina ba da shawarar a je wurinsa, amma ga wanda ya san abin da yake so. Ka je da zane mai ɗauke da kowane ma'auni, ka karanta masa shi baki da baki a gaban yaran shagon, ka tafi da kusar ƙafar kyamararka su gwada, ka riƙe fenti da toshe haske a hannunka, ka kuma ninka lokacin da aka ce maka. Wanda yake tsammanin zai ajiye ido da gidan fim ya dawo ya tarar da kyamara ta kammalu, wannan shago ba zai biya masa bukata ba.

Makon jiya na koma da hoton ganuwar da na buga a babbar takarda na ba shi, ya sa yaro ya rataye shi nesa da injin don kada mai ya fantsama a kai. Na kuma tafi da sabon zane, na faranti mai zamewa sama da ƙasa, wanda zai bar ni in ɗaga idon har milimita 20 idan gini ya yi tsawo, in kuma mayar da shi tsakiya idan zan ɗauki tsofaffin tafkunan kuza na Rayfield. Ya duba zanen, ya nuna mini cewa siririn da na ba farantin zai sa ya lanƙwashe idan an ɗaure shi, ya ƙara masa milimita biyu da fensirinsa. Mun yi da shi zan kawo alminiyam ɗin ranar Litinin.